Taswirar mimori ta farko: tambayoyi kan tashin Linux a furosesar ARM

Wace taswira ake nufi?

Kowane gurbi a RAM yana da adireshinsa na asali. A allon BeagleBone Black, wata ƙaramar kwamfuta mai furosesar ARM, RAM tana farawa ne daga 0x80000000. Shi kuwa kanel, wato zuciyar Linux, na ARM mai bit 32, an saba gina shi ya zauna a 0xC0008000, adireshin laƙabi ke nan. Sashen furosesa da ake kira MMU shi ke haɗa laƙabi da asali, amma sai an ba shi jadawali, wanda shi ne taswirar da ake nufi. Lokacin da U-Boot, shirin da ke loda kanel, ya miƙa masa ragama, MMU a kashe yake, jadawalin ma babu shi. Dole kanel ya rubuta shi da kansa.

Da me yake rubutawa, alhali bai gama tashi ba?

Da 'yan layuka a fayil ɗin head.S. Yana ware kilobayit 16 dab da ƙasan inda aka sauke shi, ya share su tas. Gurbi 4096 ne, kowanne na wakiltar megabayit ɗaya. Kaɗan yake cikawa: inda shi kansa yake, da inda bayanin na'urar yake, wato jerin sassan allon, wanda aka bar masa adireshinsa a rajista r2.

Ina wahalar take?

Wurin kunna MMU, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar ɗalibi ya zauna ya nazarta. Furosesa tana karanta umarni daga wajen 0x80008000. Da zarar an kunna MMU, adireshin umarni na gaba ya zama laƙabi. In jadawalin bai san shi ba, shi ke nan, na'ura ta yi gum tun ba ta iya furta ko harafi ba. Kamar mai sauya tsani ne alhali yana tsaye a kai. Dabarar ita ce a yi wa ɗan yankin da ke ɗauke da umarnin kunnawar taswirar da laƙabi da asali suka zama ɗaya. Ƙafa ta tsaya a nan, sannan a yi tsalle zuwa adireshin sama, na wajen 0xC0008000. Daga baya wani aikin kanel mai suna paging_init ya share taswirar wucin gadi ya shimfiɗa cikakkiya.

Allona ya rubuta "Starting kernel ..." ya yi shiru. Taswirar ce?

Mai yiwuwa, amma kada ka yi saurin ɗora mata laifi. Sau da yawa kanel yana tafiya lafiya, bakinsa ne a rufe saboda an ba shi bayanin na'urar da ba nasa ba. Na taɓa kwana biyu a kan irin wannan, ashe lambar UART, sashen da kanel ke fitar da rubutu ta cikinsa, ce ba daidai ba. Kunna DEBUG_LL, zaɓin da ke sa kanel magana tun farkon tashi, ka tabbatar adireshin UART na allonka ne, domin shi ma sai an sa shi a jadawalin farko zai ci gaba da magana bayan an kunna MMU.

Furosesar da ba ta da MMU fa?

Irin su Cortex-M ba ruwansu da wannan. Adireshi ɗaya ne, na asali, sai dai wasunsu suna da MPU mai tsare yankunan mimori.