Ɗanɗanon Wuskin Amurka: Burbon, Rayi da na Alkama

Ɗanɗanon wuski sana'a ce ta tantance ingancin barasa da ido da hanci da harshe. A nan za a duba iri uku na wuskin Amurka da ake yi da hatsi: burbon, wanda masara ce jigonsa, wuskin rayi, wani hatsi ɗan uwan alkama mai jure sanyi, sai kuma wuskin alkama. A jikin kwalba ana rubuta na farko Bourbon, na biyu Rye. Masu wannan aiki ma'aikatan masana'anta ne da alƙalan gasa da marubuta, kuma yawancinsu kurkure baki suke yi su tofar, domin wanda zai duba kofi talatin a wuni ba zai haɗiye su ya ci gaba da banbance komai ba. Musulunci ya haramta barasa, don haka galibin masu karanta Hausa ba su san abin ba sai a labari. Duk da haka ilimi ne na hatsi da itace da wuta, kuma dokar Amurka ta shiga cikinsa har wuya.

Abin da doka ta ƙayyade

Mai ɗanɗano yakan fara ne da takardar jikin kwalba, saboda kowace kalma a kanta doka ce ta fayyace ma'anarta. Ba a kiran wuski burbon sai an yi shi a Amurka, masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin, ƙarfin barasarsa bai wuce kashi 80 ba lokacin da ya fito daga tukunyar tacewa, bai wuce kashi 62.5 ba lokacin zuba shi a ganga, kuma bai gaza kashi 40 ba a cikin kwalba. Gangar dole ta kasance sabuwa, ta icen oak, wani ice mai tauri, an babbake cikinta da wuta. Ba a zuba masa launi ko kayan ƙamshi, ruwa kaɗai aka yarda a ƙara. Amurkawa kan auna ƙarfi da ma'aunin furuf, wato ninki biyu na kason barasa: furuf 100 shi ne kashi 50.

Wuskin rayi da na alkama suna bin waɗannan ƙa'idoji na ƙarfi da na ganga, sai dai rayi ko alkama ne zai kai kashi 51. Idan an rubuta Straight, ya yi aƙalla shekara 2 a ganga, kuma in bai kai 4 ba tilas a bayyana shekarunsa.

Tsananin nan yana da dalili. A ƙarshen ƙarni na 19 'yan algus sun cika kasuwa da farar barasa da suke rinawa da ƙonannen sukari, ruwan taba, wani lokaci har da aidin, su sayar a matsayin tsohon wuski. Masu masana'anta irin su E. H. Taylor na garin Frankfort a jihar Kentaki suka matsa lamba har aka kafa dokar Bottled-in-Bond a 1897. Kwalbar da ke ɗauke da wannan suna dole ta fito daga masana'anta ɗaya, a kaka ɗaya, ta shekara aƙalla 4 a sito ƙarƙashin kulawar gwamnati, a kuma ɗura ta a kan kashi 50 daidai. A 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana burbon a matsayin kayan ƙasar na musamman. Ana iya yin sa a kowace jiha, amma ƙungiyar masu masana'antun Kentaki ta ce kusan kashi 95 cikin 100 na burbon ɗin duniya daga jiharsu yake fitowa.

Hatsi na biyu

Tun da doka ta ɗaure kowa da igiya ɗaya, ina banbancin yake shigowa? Mafi yawansa daga hatsi na biyu ne. Ana niƙa hatsi, a dafa ƙullun, a zuba tsiron sha'ir don ya mayar da sitaci sukari, kamar yadda masu burukutu ke amfani da tsiron dawa, sannan a saka yisti a bar shi ya tsimu kwana uku zuwa biyar kafin a tace ta hanyar tururi. Yawancin masana'antu suna mayar da wani kaso na ruwan tsamin da ya rage daga tacewar baya cikin sabon ƙullu, don daidaita tsami da hana ƙwayoyin cuta yin yawa. Ana danganta inganta wannan dabara ga James Crow, ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Kentaki a farkon rabin ƙarni na 19.

Masara zaƙi take bayarwa da kauri a baki. Abin da aka haɗa mata shi ke juya akalar ɗanɗano. Galibin burbon rayi ake sa masa, kuma rayi yaji gare shi: masu ɗanɗano kan ji masoro, kanumfari, kirfa, wani lokaci na'a-na'a. Kamfanin Four Roses ya daɗe yana aiki da haɗi biyu, ɗaya mai rayi kashi 20 ɗaya mai kashi 35, da yisti iri biyar, abin da ke ba shi girki goma daga masana'anta ɗaya. Wanda ya jera waɗannan a gabansa zai ga cewa yisti kansa yana sauya ƙamshi, daga na 'ya'yan itace zuwa na fure.

Wasu kuma sun cire rayi suka sa alkama. Maker's Mark na garin Loretto, wanda Bill Samuels ya kafa a 1953, yana amfani da masara kashi 70, jar alkama mai laushi kashi 16, da tsiron sha'ir kashi 14. W. L. Weller da Pappy Van Winkle da Larceny duk irin wannan burbon mai alkama ne. Alkama ba ta da kakkarfan ɗanɗano nata na kanta. Aikinta shi ne ta ja da baya ta bar zaƙin masara da na itace su fito, shi ya sa ake jin zuma da burodi da alewar madara. A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Burbon mai alkama burbon ne har yanzu, masara ce ta fi yawa. Wuskin alkama na ainihi shi ne wanda alkama ta kai kashi 51, kuma ba shi da yawa a kasuwa. Wanda aka fi sani shi ne Bernheim Original, da kamfanin Heaven Hill ya fitar a 2005. Ya fi burbon sauƙi a baki, zaƙinsa bai kai ba, yana da gardi irin na gasasshen burodi.

Wuskin rayi shi ne babban wa a tarihi. Manoman Fensilfaniya da Merilan sun yi ta tace shi tun ƙarni na 18, kuma harajin da gwamnati ta ɗora masa a 1791 ya jawo boren manoma da aka murƙushe a 1794. Shugaba George Washington da ya tura sojoji a kansu shi ma daga baya ya buɗe masana'anta a gonarsa ta Mount Vernon, wadda ta tace kusan galan 11,000 a 1799. Haramcin barasa na 1920 zuwa 1933 ya durƙusar da masana'antun rayi, ba su farfaɗo sosai ba sai a wannan ƙarni. Yau akwai salo biyu da mai ɗanɗano ya kamata ya raba: na Kentaki, irin Rittenhouse, mai rayi kashi 51 da masara mai yawa, wanda ke kusa da burbon, da na masana'antar MGP a Lawrenceburg ta jihar Indiyana, mai rayi kashi 95, busasshe mai ƙamshin ganye. Abin da Kanada ke kira rayi wata doka yake bi, yana iya ƙunsar rayi kaɗan ƙwarai.

Aikin ganga

Wuski yakan fito daga tukunya fari tas kamar ruwa. Launinsa duka da babban rabon ƙamshinsa daga ganga suke zuwa. Gangar da aka saba tana cin galan 53, kusan lita 200, ta farin oak na Amurka. Ana cinna wa cikinta wuta na wasu daƙiƙu. Mataki na huɗu, mai kusan daƙiƙa 55, yakan bar cikin ya tsattsage kamar fatar kada. Gawayin yana tace wari, a ƙarƙashinsa kuma akwai jan sashe inda zafi ya narkar da sukarin itacen. Daga nan ƙamshin banila da na mazarƙwaila da na kwakwa ke fitowa, tare da bauri irin na shayin da ya daɗe a wuta.

A Kentaki bazara tana da zafi, hunturu da sanyi mai tsanani. Zafi ya tura ruwan cikin itace, sanyi ya jawo shi waje, shekara bayan shekara. Sitocin da ake jera gangunan dogaye ne, wasu hawa bakwai ko fiye. Na sama suna shan zafi, ruwa ya fi ƙafewa, wuskin ya yi ƙarfi da duhu. Na ƙasa suna nuna a hankali. Ganga biyu da aka cika rana ɗaya daga tukunya ɗaya za su iya fitowa kamar ba 'yan uwa ba. Wannan ne ya sa kamfanoni ke gauraya ganguna da yawa don ɗanɗano ya tsaya iri ɗaya, kuma shi ya sa burbon ɗin Blanton's, da Elmer T. Lee ya fitar a 1984 daga ganga ɗaya tak, ya zama sabon abu a lokacinsa.

Yawan shekaru ba koyaushe ne alheri ba. Sabuwar ganga tana da ƙarfi, kuma wuskin da ya wuce lokacinsa a ciki yakan yi ɗaci da bauri har ya rufe hatsin.

Yadda ake ɗanɗanawa

Ana amfani da kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, wanda ke tara ƙamshi wuri ɗaya; wanda ya fi yaɗuwa shi ne Glencairn, da aka fitar a Sikotilan a 2001. Ba a sa ƙanƙara, don sanyi yana danne ƙamshi. Ba a shiga ɗakin da turare a jiki.

Ido ke farawa, amma aikinsa kaɗan ne. Tun da ba a rina burbon, duhunsa yana ba da labarin ganga da gaskiya, saɓanin wuskin Sikotilan da doka ta yarda a ƙara masa launi. Ɗigon da ke gangarowa a jikin kofi bayan an juya shi yana nuna ƙarfin barasa ne kawai, ba inganci ba.

Hanci ne uban tafiya. Harshe zaƙi da ɗaci da tsami da gishiri da ɗanɗanon romo kaɗai ya sani; sauran duk abin da ake kira kirfa ko banila hanci ne ke gane shi, ko daga kofi ko ta bayan maƙogwaro. Gwani ba ya cusa hanci ya ja da ƙarfi, don tururin barasa zai ƙona masa shi. Yakan kawo kofin a hankali, baki a ɗan buɗe, ya shaƙa kaɗan, ya janye, ya dawo. Sai ya kurɓi ɗan kaɗan don baki ya saba. A kurɓi na biyu ake aikin: a juya shi ko'ina a baki kamar ana tauna. Booker Noe, jikan shahararren mai masana'antar burbon Jim Beam, ya yi suna da wannan salo har ake kiransa taunar Kentaki. Ana lura da kauri, ko yana da maiƙo ko tsararo ne, da inda zaƙi ya tsaya yaji ya karɓa. Daga ƙarshe sai abin da ya rage bayan an tofar ko an haɗiye: tsawonsa, da ko ɗumi ne mai daɗi ko maƙaƙi.

Bayan haka a ɗiga ruwa kaɗan a sake daga farko. Ruwa yana rage zafi ya saki ƙamshin da ke ɓoye. A 2017 masu bincike biyu na Jami'ar Linnaeus a Suwidin, Björn Karlsson da Ran Friedman, sun nuna ta lissafin kwamfuta cewa sinadarin guyakol mai ƙamshin hayaƙi yana taruwa a saman kofi idan an sirka. A masana'antu da dama ma akan sirka samfuri zuwa kusan kashi 20 kafin a shinshina, don a nan aibi ba ya ɓuya. Aibobin da ake farauta sun haɗa da warin fumfuna daga ruɓaɓɓen hatsi ko toshiyar kwalba, warin kibiritu, da wari mai kaifi irin na man goge farce, alamar ba a zubar da farkon tacewa yadda ya kamata ba. Tofarwa ba don kiyaye hankali kaɗai ba ce: hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa barasa a rukuni na farko na abubuwan da ke haddasa cutar, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a kira marar haɗari.

Maki da gasa

Mujallu da marubuta kan ba da maki cikin 100. Gasar San Francisco, da aka fara a 2000, tana ba da lambobin tagulla da azurfa da zinariya, da zinariya biyu idan duk alƙalan teburin sun amince. Kamfanoni ne ke biyan kuɗin shiga, kuma lambobin suna da yawa, don haka lamba a wuyan kwalba shaida ce mai rauni idan ita kaɗai ce.

Abin da ya fi cancanci a yarda da shi shi ne ɗanɗano a rufe, inda ake zuba wuski a kofuna masu lamba ba tare da suna ba. Suna da farashi suna jan harshe fiye da yadda mutum ke zato. Pappy Van Winkle mai shekara 15 ko 20 ko 23 yakan kai ninki da yawa na farashinsa a hannun 'yan sari, kuma wanda ya san shi ne a kofinsa da wuya ya yi masa adalci. A masana'anta akwai gwajin kofi uku: biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce mutum ya zaƙulo baren. Idan 'yan kwamitin ba su iya ba fiye da yadda caca za ta bayar, an san sabon haɗin ya yi daidai da tsohon.

Tsarin jere ma yana da tasiri. Akan fara da na alkama, a bi da burbon mai rayi, a ƙare da rayi tsantsa, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi, ana kurkure baki da ruwa a tsakani. Idan hanci ya gaji, wasu kan shinshina bayan hannunsu don ya dawo daidai. Da yawa kuma ba sa wanke kofi nan take. Sukan ajiye shi su dawo bayan barasar ta ƙafe, lokacin da abin da ya saura a gindinsa ƙamshin itace ne da hatsi zalla.