Waiwaye: Idan bawa ya yi ɓarna, wa ke biya a Damagaram ta dā?

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bayi na cikin kusan kowace harka a Damagaram: noma, jima, dakon kayan ayari a Zango, har muƙamai a fada. To, idan ɗayansu ya fasa kan wani, ko ya kashe masa raƙumi, wa za a kama?

Alƙalan Birni da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, kuma ƙa'idar gajeriya ce: ɓarnar bawa tana wuyansa. Zaɓi biyu ake ba ubangijinsa, ko ya miƙa shi ga wanda aka yi wa ɓarnar, ko ya fanshe shi ya biya diyya. In ya miƙa, shi ke nan, ko da ɓarnar ta ninka kuɗin bawan. Dangin ubangiji ba sa taya shi biya. Haka kuma in bawa ya amsa da bakinsa cewa ya lalata dukiyar wani, ba a karɓa sai da shaidu, tunda aljihun wani zai taɓa.

Akwai ƙissar da ke cikin Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik: bayin wani sahabi mai suna Haɗib sun saci taguwa sun yanka. Sayyidina Umar ya lura yunwa ake gasa musu, sai ya ci ubangijinsu dirhami 800, ninki biyu na kuɗinta. Imamu Malik ya ce ba a aiki da ninkin, amma a ganina ƙissar ta nuna inda laifi yake kwana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda bayin suka mayar da dokar makami. A wajen Abzinawa, waɗanda ayarinsu ke sauka a Zango, bawan da ya gaji da azaba yakan nemi raƙumin wani mutum mai sauƙin hali, ya yanke masa bakin kunne. Diyya ta hau, sai a miƙa shi, ya sake gida. Ubangijin da aka yi wa haka kuwa ya sha kunya a idon jama'a.

Faransawa sun ci Zinder, babban birnin Damagaram, a 1899, dokarsu ta 1905 ta hana cinikin mutane, sai batun ya fice daga kotu, ko da yake bautar ba ta gushe rana ɗaya ba. Sai a 2003 Nijar ta sa bautar da mutum cikin laifuffukan da ake ɗauri a kansu.