Ana gyaran gida muna ciki: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu gyaran gida a garuruwanmu ba su da inda za su koma na wata biyu ko uku, masu gidan haya kuma kuɗin shekara suke karɓa, to kuɗin da za ka kai haya ai shi ne na simintin da kwanon, shi ya sa ake yin aikin alhali iyali suna cikin gidan. Ga tambayoyin da ake yawan yi.

Malam, dole ne sai mun tashi, ko za mu iya zama?

Ya danganta da aikin. In fenti ne ko tayil ko silin ko ƙarin ɗaki a tsakar gida, ku yi zamanku. Amma aiki uku gaskiya ban yarda a yi su da mutane a ƙasa ba: yaye rufi gaba ɗaya, zuba dekin a saman ɗakin da ake kwana, da fasa bangon da ke ɗauke da nauyi don a faɗaɗa falo. Dekin musamman, katakon da sandunan da suka tokare shi ba a cire su sai ya yi kamar sati 3, kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, to ta yaya yaro zai dinga gudu tsakanin sandunan nan. Kwanakin nan kawai mata da yara su je gidan iyaye ko na 'yan uwa, ba abin kunya ba ne. Bangon kuma kada birkila ya ce maka "ba komai Alhaji" ka yarda, a kira injiniya ya duba ko sai an sa fila da bim, wato ginshiƙi da gicciyen kankare da za su ɗauki nauyin.

Wane lokaci ya fi a shekara?

Bayan damina, daga Oktoba zuwa wajen Fabrairu. A Kano da Katsina da Zariya ruwa ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wanda ya yaye kwano a lokacin to katifa da kujeru sun shiga uku a dare ɗaya. Hunturu ma yana da nasa, iskar tana busar da filasta da wuri sai ta tsattsage, don haka a dinga ba ta ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a kuma sa ruwan nan cikin lissafi tun farko in na 'yan garuwa ake saye. Bazara kuwa, Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke kwana a tsakar gida, ita tsakar gidan ta cika da yashi da bulo. Kuma dan Allah a daina fara gyara saura sati biyu Sallah ko biki, a nan ake shafa fenti a kan ɗanyar filasta, bayan 'yan watanni ya fara ɓarewa.

Ta ina ya kamata a fara?

Kafin a taɓa komai a tambayi kai: ina za mu kama ruwa, ina za mu yi girki, ina za mu kwana. In banɗaki ɗaya ne a gidan kada a fasa shi sai an tanadi wani, ko da na wucin gadi ne an kewaye da kwano. Daga nan a raba gidan biyu, a gama ɓangare ɗaya tsaf a koma ciki, sannan a taɓa ɗayan. Ma'aikata sun fi so su buɗe ko'ina lokaci guda don ya fi musu sauri, amma ba su ne za su kwana cikin ƙurar ba. A cikin kowane ɓangare kuma rufi ne farko, sai bututun ruwa da wayarin, sai filasta, silin, tayil, fenti a ƙarshe, in aka juya tsarin nan za ka ga ana fasa sabon tayil don a binne fayif. Silindar gas kuma a kai ta nesa da inda mai walda ke aiki.

Ni matar aure ce, maigida yana fita kasuwa tun safe, ni zan wuni da maza suna shiga da fita. Yaya zan yi?

Hajiya wannan tambayar taki ita ce ta fi muhimmanci a wajena, kuma ita ce maza suka fi mantawa da ita, shi zai fita ƙarfe takwas ya dawo bayan magariba ya duba inda aiki ya kai, ke ce za ki wuni da hijabi a cikin ɗakinki cikin zafi, ba damar wanki a tsakar gida, ba damar shanya, ko banɗaki sai kin leƙa kin ga ba kowa. Wata guda a haka ba ƙaramin abu ba ne. Don haka tun kafin a sauke yashi ki zauna da shi ku yanke abubuwa. A kafa shinge na gaske tsakanin wajen aiki da wajenki, tsohon kwano ko zana ko tampol mai kauri wanda ya wuce tsayin mutum, labulen atamfa ba ya isa. In da hali a huda musu ƙofa ta waje su dinga bi, daga baya a toshe, bulo kaɗan ne zai ci. A sa lokacin zuwa da na tashi, a kuma gaya wa shugabansu cewa duk mai hawa rufi ko katanga sai ya yi sallama an amsa, wannan har don makwabta. Magana ta zama da mutum ɗaya, kada kowane lebura ya zo ƙofarki neman bokiti ko ashana ko caza. Abinci kuma a ba su kuɗinsa su saya a waje, ba daidai ba ne mace tana girki a murhu cikin ƙura a ƙara mata tukunyar mutum shida. In akwai ƙanin miji ko babban ɗa da zai dinga zama a wajen aikin ya fi.

Maigida kai kuma, in ta ce ta gaji za ta je gida kwana biyu, ka bar ta ta je.

Yara fa? Namu uku ne, ƙaramin yanzu ya fara tafiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ƙusa ba ce, ruwa ne da rami. Duron ruwan magina da ramin sokawe, yaro mai shekara ɗaya ko biyu in ya faɗa da ka ba ya iya ɗagowa kuma ba za a ji kukansa ba. Kullum kafin ma'aikata su tashi a rufe ramin da katako mai nauyi, duro a rufe ko a zubar da ruwan. Tina (ruwan da ake sirka fenti da shi) da kananzir kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwa, yaro zai ɗauka ya sha. Wayar wuta da aka bari tsirara a naɗe ta a kashe layin ɓangaren daga allon fis, don ba ka san lokacin da za a kawo wuta ba. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, kada a bar su su yi wasa da kwaɓi. Wanda ya taka ƙusa a wanke da sabulu a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus, ko ciwon ƙarami ne.

Sai ƙura. Yankan tayil da injin yana tada farar ƙura mai cutar da huhu, a yanka a waje ana zuba ruwa. Tsofaffin gidaje da yawa silin ɗinsu na asbesto ne, ƙurarsa tana jawo cutar daji bayan shekaru, a jiƙa shi a cire shi ɗai-ɗai ba tare da an farfasa ba, iyali kuma ba sa nan. Tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi yana iya ƙunsar dalma, mun kuma ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010 inda yara kusan 400 suka rasu, can daga dutsen zinare ta fito amma gubar ɗaya ce kuma ƙananan yara ta fi kamawa, don haka kada a kankare fenti yara na kusa, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara. Mai ciki da jariri da mai asma kada su kwana a ɗakin da aka yi wa sabon fentin mai sai warin ya fita. Janareto kuma ko don tsoron ɓarayi kada a shigar da shi ɗakin da ba a gama ba kusa da inda ake kwana, hayaƙinsa ya sha kashe iyali guda cikin barci.

Kuɗin bai cika ba, in fara da abin da ke hannu?

Ka fara da abin da kuɗin zai gama, ko ɗaki ɗaya ne. Farashin siminti, na Dangote ne ko BUA ko Ashaka, ba ya tsayawa wuri ɗaya, wanda ya fasa ɗaki uku da kuɗin ɗaya shi ne za ka ga iyalinsa sun shekara a falo. Kada kuma ka tara siminti da yawa, yana shan danshi ya daskare, a ɗora shi kan katako nesa da bango a yi amfani da shi cikin wata biyu zuwa uku. Biyan ma'aikata a yi shi mataki-mataki a rubuce. Gwal da takardun gida da na makaranta a kai ajiya wani wuri, hakan yana kare su ma'aikatan daga zargi in abu ya ɓata cikin kwashe-kwashe.

Sai na gaya wa makwabta ko hukuma?

Makwabta dole ne, kafin tifa ta juye yashi a layi ka shiga ka sanar da su, ka kuma tabbata bai toshe kwata ba. In bene za ka ɗora ka duba inda tagoginka za su kalla, kada su leƙa tsakar gidan mutane. Fenti da tayil ba sa buƙatar izini, amma ƙarin bene ko fitar da shago bakin titi yana buƙata, hukumar tsara birane ta jiha ce ke bayarwa, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. In kuma gidan haya ne kada ka sa ko bulo ɗaya sai kun rubuta da mai gidan nawa za a cire maka daga kuɗin haya, da shaidu biyu sun sa hannu.