Waiwaye: Yogi Berra, daga bayan mai bugu zuwa kujerar koci

A wasan besbol na Amurka, mai cafe ƙwallo shi ne wanda ke tsugune bayan mai bugu, sanye da kariyar fuska da ta ƙirji. Shi kaɗai ke fuskantar filin gaba ɗaya, kuma shi ke yi wa mai jifa ishara da yatsu kan irin jifar da zai yi. Shi ya sa da yawansu kan zama masu horaswa idan ƙafa ta gaji. Lawrence Peter Berra, wanda aka fi sani da Yogi, yana cikinsu.

An haife shi a 1925 a St. Louis, iyayensa baƙi ne daga Italiya. Yana cikin sojojin ruwan Amurka da suka taimaka wajen saukar Normandy a 1944, sannan ya fara buga wa New York Yankees a 1946. Da fari bugu ne ƙarfinsa, cafewar kuwa sai a hankali. Tsohon gwanin wannan gurbi, Bill Dickey, shi ya zauna da shi a 1949 ya gyara masa hannu. Daga nan abin ya kankama: sau 3 ana zaɓarsa gwarzon ɗan wasan American League, ɗaya daga manyan lig biyu na besbol a Amurka, a 1951 da 1954 da 1955, ya kuma ɗauki kofin World Series, wato jerin wasannin ƙarshe tsakanin zakarun lig biyun, sau 10, adadin da har yau babu ɗan wasan da ya kai. Ran 8 ga Oktoba 1956 shi ne ke tsugune lokacin da mai jifar Yankees, Don Larsen, ya hana Brooklyn Dodgers ko mutum guda kaiwa zangon farko, wato wurin farko da mai bugu ke gudu ya tsaya.

Kujerar koci ba ta yi masa daɗi haka ba. A 1964, yana kocin Yankees, ya kai su World Series, St. Louis Cardinals ta doke su a karawa ta 7, wadda ita ce ta ƙarshe, washegari aka sallame shi. Abin takaicin, kocin da ya kayar da shi, Johnny Keane, shi aka ɗauko ya gaje shi. Ya koma New York Mets mataimaki, ya karɓi ragama a 1972 bayan rasuwar kocinsu, Gil Hodges. A 1973 ƙungiyar tana can ƙasan rukuninta a watan Agusta, amma ya ja ta har World Series, inda Oakland ta ci su, nan ma a karawa ta 7. Kocin da ya kai ƙungiyoyi biyu daga lig daban-daban wannan mataki bai cancanci kallon da ake masa na mai ban dariya kawai, saboda maganganunsa na barkwanci, ba.

Korar da ta fi ci masa rai ita ce ta 1985, bayan ya sake zama kocin Yankees. Mai Yankees, George Steinbrenner, ya kore shi bayan wasa 16 kacal, bai ma faɗa masa da bakinsa ba, aike ya yi. Berra ya ƙaurace wa filin Yankees shekara 14, ya je ya yi mataimaki a Houston Astros har 1989. Sai a Janairun 1999 Steinbrenner ya taka ƙafa zuwa New Jersey ya ba shi haƙuri. Ranar da aka karrama shi a filin, 18 ga Yuli, Larsen ya jefa masa ƙwallon buɗe wasa, mai jifar Yankees David Cone kuma ya maimaita bajintar 1956 a kan idonsu.

Berra ya rasu ran 22 ga Satumba 2015 yana da shekara 90.