Gonar taka ce, samanta fa? Abin da doka ta ce kan ƙananan jiragen rimot

Bara bayan an gama sussukar gero, ɗan yayata ya fito da wani jirgi da ya shafe wata huɗu yana haɗawa a shagonsa na gyaran janareto, a ƙauyenmu da ke yankin Ringim. Da soson da ake ƙunshe sabon firji da shi ya yanka fukafukan, ya ɗaura masa ƙaramin inji mai batir da farfela, ya sayo rimot a Kano. Muka fita bayan gari, yara na biye da mu kamar an zo wasa da kura. Jirgi ya tashi, ya yi zagaye biyu lafiya lau, a na uku iska ta kwashe shi ta maka a kan dangar wani gida. Ba wanda ya ji ciwo. Sai dai matan gidan sun fito a guje, wata tsohuwa na ta salati, kuma kafin la'asar dagaci ya aiko a kira mu.

"Ranka ya daɗe, ai a gonarmu muka tashe shi," in ji yaron, yana durƙushe.

Dagaci ya dube shi ya ce, "Gonar na san taku ce. Saman wa ya ba ku?"

Mun ɗauka zolaya ce irin ta manya, ashe tambayar lauya ya yi. A hanyar komawa gida kuma yaron ya ƙara ɗaga min hankali, ya ce, "Kawu, wannan fa gwaji ne. Na gaba mai injin jet zan yi." Shi ya sa na zauna na bi kadin abin da doka ta tanada, don na san ba shi kaɗai ne ke kwana kallon bidiyon waɗannan jirage a waya ba.

Sai an san abin da ake kira jet ɗin kafin a gane dalilin tsaurin dokar. Injin da ake sa wa waɗannan ƙananan jirage bai fi gwangwanin tumatir babba ba, amma aikinsa iri ɗaya ne da na jirgin alhazai: ya zuƙi iska ta gaba, ya matse ta, ya ƙona ta da kananzir, ya feso ta baya. Kananzir ɗin ana gauraya shi da ɗan man inji, kamar kashi 5 cikin 100. Ƙarfen cikinsa na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, zafin da ke fita ta bayansa kuma na haura digiri 500. Kamfanoni irin su JetCat na Jamus ke ƙera su, kuma jirgin da aka ɗaura wa irin wannan inji kan yi gudun kilomita 200 zuwa 300 a awa. A 2017 ma wani Bajamushe, Niels Herbrich, ya kai nasa kilomita 749 a awa.

Mu ɗauki matsakaici, mai nauyin kilo 10 da ke gudun kilomita 250. Duk daƙiƙa ɗaya yana cin kusan mita 70, wato kafin ka ƙirga goma sha biyar ya yi kilomita guda. In ya daki abu, ƙarfin dukan daidai yake da na babur da mai tuƙa shi a gudun kilomita 60. Ga kuma tankin kananzir a cikinsa da ƙarfe mai zafi.

To, mu koma kan tambayar dagaci. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa harkar jiragen sama cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamnan Jigawa ko na Kano ba shi da hurumin ba ka izinin shawagi, balle shugaban ƙaramar hukuma, balle mai unguwa. Takardar gonarka ta ba ka ikon noma da gini a ƙasa, sararin da jirage ke bi kuwa yana hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, wadda ke aiki da Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2006. A ƙarƙashin dokar akwai kundin ƙa'idoji da aka sabunta a 2023, kuma kashi na 21 nasa kacokan a kan jiragen da ake sarrafawa daga ƙasa yake magana.

A nan ne samari ke yin kuskure. Suna cewa dokar ta masu "duron" ce, mai farfela huɗu da kyamara irin ta masu ɗaukar biki, su kuwa nasu jirgin wasa ne. Hukuma ba ta duba sunan da ka raɗa masa. Abin da take dubawa shi ne yana tashi sama, babu matuƙi a cikinsa, wani na juya shi daga nesa. Ko da hannunka ka sassaƙa shi a zaure, da zarar ya bar ƙasa ya shiga lissafinta. Tun a watan Mayun 2016 NCAA ta sanar cewa babu wanda zai saki irin wannan jirgi a sararin Najeriya ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro ba.

Ƙofa biyu ke nan, kuma ta tsaron ce ake fara cin karo da ita. Kafin ka shigo da jirgi mara matuƙi daga waje, ofishin mai ba da shawara kan tsaro ne ke ba da wata takarda da 'yan kasuwa ke kira EUC, wadda ke nuna wane ne zai yi amfani da kayan da kuma abin da zai yi da su. Ana neman ta ne kafin kaya su iso. Wanda ya biya kuɗi ta intanet ya zauna jiran kwali, in kwastam suka buɗe suka ga jirgi babu takarda, riƙewa za su yi. Ga mai sha'awar jet wannan asara ce mai ciwo, domin injin kaɗai ya fi sabon babur tsada nesa ba kusa ba.

Ƙofa ta biyu ita ce rajista da NCAA. Ma'aunin da ake amfani da shi giram 250 ne, wato rubu'in kilo. Jirgin da ya haura haka sai an yi masa rajista da sunan mai shi. Jet kuwa injinsa kaɗai ya wuce wannan, don haka babu wata kafa da zai bi ya kuɓuce. Mutum ya kuma lura da bambancin wasa da sana'a. Ran da ka karɓi kuɗi don ɗaukar hoton hawan sallah ko feshin gonar wani, ka fita daga sahun masu nishaɗi, sai da kamfani mai rajista da lasisin gudanarwa da tantancewar jami'an tsaro.

Ko bayan rajista, akwai iyakokin tashi. Kada jirgi ya haura ƙafa 400, kusan mita 120. Kada ya fita daga inda idonka ke ganinsa. Ba a tashi da dare, ba a bi ta kan taron jama'a, ba a kusantar filin jirgi ko barikin soja ko wani wurin tsaro sai da izini na musamman.

A takarda waɗannan na da sauƙin karantawa, amma a ƙauye kowanne na da ƙaya. Ɗauki maganar gani da ido. Lokacin da fili ke samuwa a wajenmu shi ne bayan kaka, an kwashe amfani, gonaki sun zama fetal. Shi ne kuma lokacin hunturu, ranar da hazo ke sauka har ka kasa hango kukar da ke bakin gari. Jirgin da ke cin kilomita cikin daƙiƙa goma sha biyar, fari ne ko ruwan toka, ƙiftawa ɗaya ya narke cikin hazo. Daga nan kana riƙe da rimot ne kawai, ba ka san ko kansa sama yake kallo ko ƙasa ba. Masu wannan harka kan saita injin ya mutu da kansa in sadarwa ta yanke tsakaninsa da rimot, kuma a ganina duk wanda bai gwada wannan a ƙasa ba bai kamata ya kunna inji ba.

Maganar taron jama'a kuma, a birni sai an nemi taro, a ƙauye taro ne ke neman ka. Ƙarar jet ba ta ɓoyuwa, kafin ka gama zuba mai yaran unguwa uku sun kewaye ka. Kai ne za ka tsayar da su can baya, ka sa babba ya tsare su, domin doka a kanka take, ba a kansu ba.

Sai batun da mutane suka fi raina wa, cewa ai saman ƙauye babu kowa. Jirgin fasinja in zai sauka yana gangarowa ne a hankali, kamar mita 50 a kowane kilomita. Ma'ana, yana da saura kilomita biyu ya taɓa titi ya riga ya sauko tsayin da aka yarje wa jirgin wasa. Ƙauyukan da ke kewaye da filin jirgin Malam Aminu Kano, ta wajen Ungogo da Minjibir da Gezawa, da waɗanda ke kusa da filin jirgin Dutse, su san da wannan, musamman lokacin jigilar alhazai. A Kano kuma akwai makarantar horar da matuƙan sojan sama. Can kwarin Haɗeja, in tsuntsayen jan-baki suka faɗa wa shinkafa, jiragen feshi ƙasa-ƙasa suke bi, kusan kan bishiyoyi. Turawa ma sun ɗanɗana: a Disambar 2018 rahoton ganin jirage marasa matuƙa ya sa an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, tashi da sauka kusan 1,000 suka lalace, kuma kafin shekara ta zagayo ƙasar ta wajabta rajista.

Ni dai ina ganin an ɗinka dokar tamu ne da tsoron leƙen asiri da 'yan ta'adda a zuciya, mai sha'awar ƙere-ƙere ya faɗa ciki kawai. Yaron da ke ƙauye, wanda ko intanet sai ya hau tudu yake samu, a ce ya nemi takarda daga ofishin tsaro a Abuja, abin da kamar wuya. Amma ban ga laifin tsoron ba. A Janairun 2025 rundunar soja ta Haɗin Kai ta haramta tashin jirage marasa matuƙa ba tare da izini ba a Borno da Yobe da Adamawa, kuma Yobe maƙwabciyarmu ce, daga Birniwa taku kaɗan ne. Ta arewa, Maigatari da Babura na bakin iyakar Nijar. Mutanen karkara kuma ba su manta da Tudun Biri ba, inda jirgin soja mara matuƙi ya hallaka masu Mauludi a Disambar 2023. Tsohuwar da ta yi salati ranar nan, ba soso ta gani ba. Ɗan banga ko sojan da ya ji ƙarar jet a kan gari ba zai tsaya tambayar ko na wasa ne ba, kuma bayanin da za ka yi a ofishin 'yan sanda ya fi sauƙi in da takarda a aljihu.

Akwai kuma wata doka da ba ta buƙatar Abuja, ita ce ta ɓarna. Izinin NCAA ba ya wanke ka in jirginka ya faɗa kan dami. A watan Disamba komai a bushe yake, ga kara a tsaitsaye, ga harawar wake a kan bishiya, ga rumbuna da jinka. Injin da ya yi zafin digiri 500 da tankin da ya fashe, in suka haɗu da iskar hunturu, Allah kaɗai ya san gidan da wutar za ta tsaya. Kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa na hukunta ganganci da sakacin da ke jawo rauni ko asarar dukiya, a kotun shari'ar Musulunci kuma wanda ya lalata dukiyar wani sai ya biya ko da kuskure ne, in rai ne kuma ga diyya. "Iska ce ta kwashe shi" ba ta hana biya. Shi ya sa a ƙasashen da wannan wasa ya kafu ba a kunna jet sai da tukunyar kashe gobara a gefe. A Amurka, ƙungiyar masu ƙananan jirage ba ta barin ɗan ƙungiya ya tuƙa jet sai ya nuna ƙwarewa a gaban gogaggu, ta kuma ƙayyade gudu a mil 200, kusan kilomita 320 a awa.

Da wannan za a haɗa maganar tsakar gida. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin gidajen mutane, mu kuwa tun kafin kundi muka san ba a leƙa gidan matan aure. Yawancin jiragen jet ba su da kyamara, amma maigidan da ya ga abu na shawagi a kan katangarsa bai san haka ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. A nan dagaci ke da amfani. Ba zai iya ba ka sama ba, amma shi zai nuna maka fakon da babu gida babu burtali, ya sa a yi shela don kada a firgita, ya kuma sanar da 'yan banga da DPO.

Mu dai ranar mun biya kuɗin zana biyu, muka ba matan gidan haƙuri ta bakin maigidansu. Washegari yaron ya ɗauki jirgin ya kai wa mahauci ya ɗora a sikeli, ya tashi giram 900 har da batir, kusan ninki huɗu na rubu'in kilon nan. Yanzu yana rataye a rufin shagon, gefe ɗaya na fiffiken an like da salatif, shi kuma yana tara kuɗin mota zuwa Dutse don ya zauna a shagon intanet ya cike takardun rajista. Maganar jet, ya ce sai ya yi shekara guda yana sauke wannan a kan tayoyinsa tukuna.