Gandun Tassili n'Ajjer na Aljeriya da Shirin Ziyararsa daga Accra

Tassili n'Ajjer gandun ƙasa ne da ke tsakiyar hamadar Sahara, a kudu maso gabashin Aljeriya, dab da iyakokin Libiya da Nijar. Tsauni ne mai shimfiɗaɗɗen kai na dutsen yashi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 72,000, ƙololuwarsa kuma, Adrar Afao, tana da tsayin mita 2,158. Gwamnatin Aljeriya ta keɓe shi a 1972, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Garin Djanet ne ƙofar shigarsa, mutanen yankin kuwa Abzinawa ne da ake kira Kel Ajjer.

Abin da ake zuwa gani

Zane-zanen jikin duwatsu su suka ɗaukaka sunan wurin. An ƙirga fiye da 15,000, wasu da launin jar ƙasa aka shafa su, wasu kuma sassaƙa su aka yi. Akwai giwa, raƙumin dawa, karkanda da dorina, a wurin da yau sai mutum ya wuni yana tafiya bai ga ɗigon ruwa ba. Masana sun kasa zanen zamani-zamani. Mafi daɗewa cikin masu launi su ne na mutane masu kewayayyen kai, waɗanda suka fi yawa a wuraren da ake kira Sefar da Jabbaren a kan tsaunin. Daga nan sai zamanin makiyaya, sai na dawaki da kekunan doki, sai na raƙuma, lokacin da fari ya riga ya ci ƙasar.

Na makiyayan su suka fi kama zuciya. Ga garke nan da dogayen ƙahoni, ga maruƙa ɗaure a igiya ɗaya, ga mata zaune bakin bukka. Duk wanda ya taɓa shiga ruga a arewacin Ghana zai tsaya ya daɗe yana kallo, domin rayuwa ce da ya sani, sai dai an zana ta shekaru dubbai da suka wuce, lokacin Sahara tana da ciyawa da koguna. A Tegharghart, ba nisa da Djanet, akwai sassaƙen shanu sun sunkuya kamar za su sha ruwa, da alamar hawaye a ido. Ana ce masa saniya mai kuka.

Bafaranshe Henri Lhote ne ya yayata zanen a Turai bayan aikin da tawagarsa ta fara a 1956, amma ja-goransa Ba'abzine, Jebrine, shi ya nuna masa wuraren. Tawagar ta riƙa jiƙa zanen da ruwa don launi ya fito ta kwafa, abin da ya jawo wa wasunsu lahani. Shi ya sa yau aka hana taɓa su ko yayyafa musu ruwa, kuma hanin yana kan gaskiya.

A kwarin Tamrit akwai wani itace da Abzinawa ke kira tarut, wanda bai wuce guda ɗari biyu da 'yan kai ba a dajin, wasunsu sun haura shekara 2,000. Ana kuma ganin ragon dutse da barewa jefi-jefi.

Yanayi da lokacin zuwa

Daga Oktoba zuwa Afrilu ake ziyara. Daga Mayu zafi yake tsananta har yawancin masu kai baƙi su dakata. A nan mutumin Accra ya fi yin kuskure: da ya ji an ce hamada sai rana kawai ta faɗo masa. A Disamba da Janairu, sanyin dare a kan tsaunin yakan kai ruwa ya daskare. Hunturun da muka sani a Nima ko Mamobi, wanda riga mai dogon hannu ke maganinsa, ba a ma kwatanta su. Sai an tanadi rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa da bargon kwana, kuma ana samun su cikin gwanjon kasuwar Kantamanto da sauƙin kuɗi. Rawani ma ya zama dole saboda rana da ƙura, kuma ya fi kyau a saye shi a Djanet a roƙi ja-gora ya koya naɗin.

Ruwan sama ba ya yawan sauka, amma in ya sauka busasshen kwari yakan cika nan take. Saboda haka ba a kafa tanti a tsakiyar kwari komai laushin yashinsa.

Hanya da takardu

Kakanninmu fatake sun san wannan yanki. Goron Salaga yakan isa Kano, daga Kano ayari ya bi ta Agadas zuwa Ghat, wadda ke maƙwabtaka da Djanet ta ɓangaren Libiya. Wannan tarihi kada ya ruɗi kowa ya ce zai bi ta ƙasa. Hanyar Burkina Faso da Nijar tana fama da 'yan bindiga, kuma jami'an Aljeriya suna tsananta wa masu shigowa ta iyakar kudu. Ta sama ake zuwa: daga Accra a sauya jirgi zuwa Aljiyas, babban birnin ƙasar, sannan a shiga jirgin cikin gida zuwa filin Tiska na Djanet, tafiyar awa biyu da ɗoriya. Ta mota nisan ya haura kilomita 2,000.

Tun 2023 Aljeriya ta sassauta bizar masu ziyarar kudancinta ta hannun kamfanonin yawon buɗe ido masu lasisi. Duk da haka a fara tuntuɓar ofishin jakadancinta da ke Accra kafin a biya kuɗin tikiti. A riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto ba a shiga da shi sai da izini.

Ba a shiga gandun sai da ja-gora mai izini. An tsaurara tsaro bayan sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya a 2003 da harin da aka kai wa masana'antar iskar gas ta In Amenas a 2013, don haka hukuma takan san inda kowace tawaga ta nufa, wani lokaci ta rufe hanya ba sanarwa. Dinari ake kashewa, kuma tsabar kuɗi ta fi kati amfani. Larabci da Faransanci ake ji, baya ga Tamahak, harshen Abzinawan.

Zaman daji

Tafiyar iri biyu ce. Akwai ta mota mai jan ƙafa huɗu zuwa Tadrart, inda jan yashi ya taru tsibi-tsibi a Tin Merzouga, wadda dattijo ma zai iya. Akwai kuma hawan tsaunin zuwa Tamrit da Sefar, wanda mota ba ta yi. Da ƙafa ake hawa, jakuna na ɗauke da ruwa da abinci, a yi kwanaki ana kwana a tanti. Mai ciwon gwiwa ko na zuciya ya nemi shawarar likita tukuna, domin can sama babu asibiti, waya ma ba ta kamawa. A sha ruwa tun kafin a ji ƙishi, don iskar busasshiya ce, gumi yana bushewa mutum bai sani ba.

Wajen ibada babu wahala, mutanen Malikawa ne kamarmu, matafiyi yana ƙasaru, in ruwa ya yi ƙaranci ya yi taimama. Abincin dare sau da yawa tagella ce, gurasar da ake binnewa cikin yashi mai zafi da toka, a bi ta da shayi zagaye uku.

Wanda tafiyarsa ta dace da Ashura zai tarar da bikin Sebeiba, inda unguwannin El Mihan da Azelouaz na Djanet ke fitowa gasar rawa da takubba, mata na kaɗa ganga. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2014. Da yake watan Muharram yana zagayawa, a 'yan shekarun nan bikin yana faɗowa ne cikin tsananin zafi, don haka mai son ganinsa ya tsaya a gari, ya bar hawan tsauni sai lokacin sanyi.