Ma'anar "wurin ɗebo fata" da dalilin jinkirin warkewarsa ga tsofaffi

Idan ciwo ya yi faɗin da ba zai rufe da kansa ba, kamar ƙuna mai zurfi ko tsohon gyambo, likitan tiyata kan yanko fata daga lafiyayyen sashen jikin majinyacin ya shimfiɗa a kan ciwon. Wannan shi ne dashen fata. Inda aka yanko kuwa shi ne wurin ɗebo fata. Galibi cinya ce, wani lokaci ɗuwawu, baya ko fatar kai.

Galibi ba duk kaurin fatar ake ɗauka ba. Sama-sama ake yanka, kimanin milimita 0.2 zuwa 0.4, sai wurin ya zama kamar babbar ƙujewa. Sabuwar fata tana tsirowa ne daga saiwar gashi da hanyoyin gumi da suka rage a ƙasa, ta bazu har ta haɗe. A jikin matashi mai lafiya, kwana 10 zuwa 14 kan isa.

Ga tsoho lissafin daban ne. Fatarsa ta rage kauri, saiwar gashi ta yi ƙaranci, jini ba ya kaiwa gare ta kamar da. Yankan da zai bar wa matashi isasshen tushe, a jikin tsoho sai ya kwashe kusan komai. Shi ya sa wurin kan kai mako 3 ko fiye, wani ma ya koma gyambo na biyu. Ciwon suga, shan taba, rashin nama, ƙwai ko wake a abinci, da daɗewa kan magungunan sitirod (masu rage kumburi) duk suna ƙara jinkiri, magunguna masu tsinka jini kuma suna tsawaita zubarsa. Don haka likita kan rage zurfin yanka, ko ya zaɓi baya inda fata ta fi kauri, ko ya mayar da ragowar fatar kan wurin da ya ɗebo.

Sau da yawa wurin nan ya fi inda aka yi dashen zafi, saboda bakin jijiyoyi a buɗe suke. Nan ne masu jinya ke yin kuskure: su ga bandeji ya jiƙe ko ya manne, su ɓamɓare don su duba. Tare da shi sabuwar fatar ke ɓamɓaruwa. Bandejin waje ake canzawa, na ciki ana barinsa har ya saki da kansa ko ma'aikacin asibiti ya cire. Kada a barbaɗa toka ko garin magani.

A koma asibiti idan zafi na ƙaruwa bayan kwanakin farko, ko wari, ko koren ruwa, ko zazzaɓi, ko jinin da ya ƙi tsayawa. Bayan ya rufe, fatar tana da rauni da ƙaiƙayi na watanni. A riƙa shafa mai marar turare, a kare ta daga rana, a kuma yanke farce saboda susa cikin barci.